Ƙarin da ya koma kan Janar Wood bayan shekara 17

Wata rana cikin 1898, a birnin Santiago na ƙasar Kyuba, Leonard Wood ya miƙe zumbur daga kujerar ofishinsa, sai tsakar kansa ta daki wata fitila mai nauyi da ke rataye daga rufin ɗakin. Ya ji zafi, wurin ya kumbura, ya ci gaba da aikinsa. Soja ne mai shekara 38 da ya saba da wahala, kuma shi kansa likita ne, don haka bai ɗauki abin da wani nauyi ba. Sai dai kumburin bai tafi yadda kumburi ke tafiya ba. Da shekaru suka ɗan ja, wani tudu mai tauri ya fito a ƙashin wurin, ɗan dama kaɗan da tsakiyar kai, yana ƙaruwa a hankali.

Wood ba ƙaramin mutum ba ne a Amurka ta wancan zamani. An haife shi a 1860, ya gama karatun likita a Harvard a 1884, ya shiga soja da sunan likita, daga baya ya koma riƙe bindiga da ba da umarni. Ya yi wa shugabannin ƙasa biyu, Cleveland da McKinley, aikin likitan gida. A yaƙin Amurka da Sifen na 1898 shi ne kwamandan rundunar da Theodore Roosevelt yake mataimakinsa, kuma daga 1899 zuwa 1902 shi ya mulki Kyuba a matsayin gwamnan soja. Akwai wani abu a tarihinsa da ba zan iya tsallakewa ba. Lokacin da yake gwamnan lardin Moro a kudancin Filifin, a watan Maris na 1906, sojojin da ke ƙarƙashinsa sun kashe ɗaruruwan Musulmin Moro, har da mata da yara, a kan dutsen Bud Dajo. Wannan jini yana wuyansa, kuma ciwon da ya yi fama da shi bai wanke shi ba. Abin da ya sa na zaɓi lamarinsa shi ne an rubuta shi dalla-dalla tsawon kusan shekara 30, kuma da wuya a samu wani majinyaci guda da labarinsa ya nuna yadda tiyatar ƙoƙon kai ta tashi daga rarrafe ta miƙe tsaye kamar nasa.

Ƙafar hagu

Alamar da ta fara tayar masa da hankali ba a kai ta bayyana ba. Ƙafarsa ta hagu ce ta soma yi masa nauyi, tana mutuwa, yana jan ta. Daga nan sai fizge-fizge, irin farfaɗiyar da takan fara daga gaɓa ɗaya sannan ta haura sauran ɓarin jikin.

Wanda bai san tsarin ƙwaƙwalwa ba zai yi ta shafa magani a ƙafa. Amma ɓarin dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin hagu na jiki, na hagu kuma ya juya dama. A kowane ɓari akwai wani siririn yanki da ya gangaro daga tsakar kai zuwa wajen kunne, inda umarnin motsi ke fitowa, kuma gaɓoɓin jiki suna jere a kansa a kife: baki da fuska a ƙasa, hannu a tsakiya, ƙafa can sama daf da tsagar da ta raba ɓarin biyu. To tudun da ke kan Wood yana zaune ne daidai saman mazaunin ƙafar hagu. Likitocin Turai irin su Hughlings Jackson da David Ferrier sun riga sun gano wannan taswira tun shekarun 1870, kuma a lokacin da babu na'urar da ke leƙa cikin kai, ita ce kaɗai fitilar da likita ke riƙewa. Hoton ƙashi da Röntgen ya gano a 1895 yana nuna ƙoƙon kai, amma ƙwaƙwalwa ba ta fita a cikinsa.

Wannan wuri ne da nake so mai karatu ya ɗan tsaya. A garuruwanmu, idan babban mutum da bai taɓa farfaɗiya ba ya fara ta da girmansa, sau da yawa tunanin farko yakan tafi ga iska ko sammu. Farfaɗiyar da ta zo wa mutum bayan ya girma, musamman wadda ke farawa daga hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, alama ce da likitoci ke ɗauka da muhimmanci ƙwarai, domin sau da dama tana nuna cewa akwai abin da ke danne wani takamaiman wuri a ƙwaƙwalwa, kuma gaɓar da ta fara rawa ita ke faɗin inda abin yake.

Abin da ke danne ƙwaƙwalwar Wood ƙari ne, amma ba daga naman ƙwaƙwalwar ya tsiro ba. Tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa akwai tantani hawa uku. Na waje mai kauri ne kamar jemammiyar fata, na tsakiya siriri kamar saƙar gizo-gizo, na ciki kuma manne yake da ƙwaƙwalwar. Daga ƙwayoyin tantanin tsakiya irin wannan ƙari ke tashi, ya kafa gindinsa a jikin mai kaurin, ya dinga girma a hankali shekara da shekaru. Galibinsa ba sankara ba ne, ba ya yawo zuwa huhu ko hanta. Yana tura ƙwaƙwalwa ne gefe yana yi wa kansa gurbi, kamar a danna ƙwallon goruba cikin tuwo mai laushi. Wani lokaci kuma yakan kutsa cikin ƙashin da ke samansa ya sa ƙashin ya yi kauri, ya yi tudu. Tudun da Wood ke shafawa da hannu ke nan: kan abu ne da gangar jikinsa ke ciki.

A 1905 ya baro Filifin ya je Boston, inda likitan tiyata Arthur Cabot ya yi masa aiki a kan tudun. An cire abin da ke waje, babban ƙarin kuwa ya zauna daram a ƙarƙashi. Ya samu sauƙi na ɗan lokaci, ya koma bakin aiki, ciwon ya dawo ya fi da.

Baltimore, Fabrairun 1910

Mutumin da aka kai shi wurinsa a ƙarshe shi ne Harvey Cushing na asibitin Johns Hopkins, mai shekara 40 a lokacin. Cushing ya riga ya yanke shawarar da abokan aikinsa da yawa ke ganin ganganci ce, wato ya keɓe rayuwarsa ga tiyatar ƙwaƙwalwa, fagen da a wancan zamani mutuwa a cikinsa ta yi yawa har manyan likitoci na gudunsa. Halinsa shi ne tsanani da bin abu daki-daki. Tun yana ɗalibi, shi da abokinsa Codman suka ƙirƙiro takardar da ake rubuta bugun zuciya da numfashin majinyaci a kai yayin da yake cikin maganin barci. A 1901 ya dawo daga Italiya da na'urar awon hawan jini ta Riva-Rocci, ya shigar da ita ɗakin tiyata. Waɗannan abubuwa yau kowane ƙaramin asibiti yana yin su ba tare da tunani ba, amma a lokacin sabbi ne.

Duk da haka, ƙwarewarsa a kan irin ƙarin da ke kan Wood ba ta da yawa, ga kuma majinyacin babban janar ne da ake shirin ba shi shugabancin sojojin ƙasa, abokin tsohon shugaban ƙasa Roosevelt. In ya mutu a kan teburin, ba Cushing kaɗai abin zai shafa ba, har da sana'ar da yake ƙoƙarin kafawa.

Yadda ake buɗe ƙoƙon kai bai sauya sosai ba a asalinsa. Ana yanka fatar kai a lanƙwashe a ɗage ta, a huda ƙashin a wurare kaɗan, a haɗa hudojin da yanka, a ɗaga faifan ƙashin kamar murfin tukunya. A wancan lokaci da hannu ake yin komai, da abin huda mai juyawa da kuma zarton waya da ake zurawa ta ƙarƙashin ƙashi daga huda zuwa huda. Babban abokin gaba shi ne jini. Fatar kai tana zubar da jini sosai, ƙashi ma yana zubarwa ta ƙananan ƙofofinsa, kuma maganin wannan shi ne a shafe gefen ƙashin da wani haɗin kakin zuma da Victor Horsley na Landan ya fito da shi. Shi kuwa irin wannan ƙari cike yake da jijiyoyin jini, ga shi a wajen Wood ya zauna a gefen babbar magudanar jinin da ta bi tsakiyar kai daga goshi zuwa ƙeya, wadda ke kwashe jinin da ya gama aiki a ƙwaƙwalwa. In aka yage ta, majinyaci na iya ƙarewa cikin mintuna. In aka ɗaure ta a inda bai kamata ba, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Kuma babu ma'ajiyar jini da za a aika a ɗauko leda biyu: an gano rukunonin jini a 1901, amma ajiye jini a asibiti don ƙarin gaggawa sai cikin shekarun 1930.

Cushing ya shiga aikin, jini ya yi yawa tun kafin ya kai ga ƙarin. Sai ya yi abin da a ganina shi ne mafi girman hikimar da ke cikin wannan labari gaba ɗaya: ya tsaya. Ya rufe, ya bar majinyacin ya huta, jikinsa ya farfaɗo. Bayan kwana 4 ya sake buɗewa, ya keta tantanin, ya bi gefen ƙarin a hankali yana raba shi da ƙwaƙwalwa, har ya fito da shi. Nauyinsa giram 198, wajen nauyin babban lemo guda. Mutum ya yi tunanin abu mai wannan girma zaune a cikin kai, mai shi kuma yana hawa doki yana jagorantar runduna.

Janar ya tashi. Cikin 'yan makonni yana tafiya da ƙafarsa, kuma a watan Afrilun wannan shekara ya zama babban hafsan sojojin ƙasa na Amurka, muƙamin da ya riƙe har 1914. Sunan Cushing ya ɗaukaka, kuma masu rubuta tarihinsa suna ganin wannan nasara ta taimaka wajen kiran da aka yi masa zuwa Harvard da sabon asibitin Peter Bent Brigham a Boston jim kaɗan bayan haka.

Shekarun da suka biyo baya ba sa buƙatar dogon bayani. Wood ya jagoranci kiran da ake yi na shirya Amurka don yaƙin duniya na farko, gwamnatin Wilson ta hana shi jagorantar runduna a Faransa, a 1920 ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Republican, ya kasance kan gaba a zagayen farko-farko na ƙuri'a a Chicago kafin Warren Harding ya kwashe a zagaye na 10. A 1921 aka tura shi Filifin a matsayin gwamna janar. Duk wannan ya yi shi ne da ɗingishi a ƙafar hagu, amma da hankalinsa garau. Aikin 1910 ya ba shi shekara 17, kuma babu wanda zai raina wannan.

Abin da aka bari

A lokacin da Cushing ya gama cire ƙarin a 1910, ya mayar da faifan ƙashin ya rufe. Abu ne da kowane likita zai yi a zamanin, don ba a son barin rami a kan mutum. Sai dai ƙwayoyin ƙarin sun riga sun shiga ƙashin da tantanin da ke kewaye. Duk manomin da ya yi fama da aya-aya ya san in ka tuge ganyen ka bar 'ya'yan a ƙasa, damina mai zuwa za ka same ta tana jiranka. Haka wannan ƙari yake. Cushing bai san haka sosai ba a 1910, ya koye shi ne daga baya, daga majinyata da yawa, ciki har da wannan. Shi ne ma a 1922 ya raɗa wa ƙarin sunan da likitocin duniya ke kiransa da shi har yau, meninjiyoma, daga sunan tantanin da yake tsirowa.

A Manila ciwon ya dawo a hankali kamar yadda ya fara. Tudun ya sake tasowa, ɓarin hagu ya ƙara rauni, farfaɗiyar ta dawo. Wood ya ci gaba da zama a kujerarsa, a can nesa da likitansa, tafiyar makonni a jirgin ruwa. A nan ba na ganin uzuri mai ƙarfi gare shi. Ba talaka ba ne da kuɗin mota ya gagara, ba kuma jahili ba ne da bai san ma'anar alamun ba. Likita ne, ya taɓa shiga wannan hali, kuma mafi ƙwarewar likitan ƙwaƙwalwa a duniya ya san shi ciki da waje. Abin da ya riƙe shi shi ne aiki da mulki, da irin taurin kan da ya kai shi inda ya kai. Ƙarin da ya dawo a wurin da aka taɓa yanka ya fi na farko wuyar cirewa: tabo ya manne komai da komai, iyakar da ke tsakanin ƙari da ƙwaƙwalwa ta ɓace, jijiyoyin jini sun ƙaru. Kowace shekara da ta wuce tana ƙara wa likita wahala, tana rage wa majinyaci rabo.

Sai a 1927 ya koma Amurka. Yana da shekara 66, jiki ya yi nauyi. Shi kuwa Cushing na 1927 ba na 1910 ba ne. A 1911 ya fito da ƙananan maƙalai na azurfa da ake matse jijiyar jini da su. A watan Oktoban 1926 ya fara amfani da na'urar lantarki ta William Bovie, wadda ke yanka nama tana ƙone bakin jijiya a lokaci guda, abin da ya sa ya dinga kiran tsofaffin majinyatan da ya taɓa cewa ƙarinsu ba ya ciruwa. Ya yi aikin ƙari a ƙwaƙwalwa fiye da dubu. Ta kowace fuska ya fi ƙarfin aikin fiye da da.

A ranar 6 ga Agusta aka shiga da Wood ɗakin tiyata a Peter Bent Brigham. Aikin ya ɗauki sa'o'i masu yawa. Wannan karon Cushing bai raba shi gida biyu ba, ya ci gaba har ya fitar da ƙarin a zama ɗaya. Bayan an rufe, jini ya ɓalle a ciki, ya gangara cikin ramukan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Wood ya mutu a ranar 7 ga Agusta, 1927. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutum ɗaya ya yi hukunci biyu mabambanta a kan kai ɗaya. Yana matashi, kayan aiki kaɗan, tsoro ya sa ya dakata, majinyaci ya rayu. Da ya zama gwani, kayan aiki sun wadata, sai ya zarce. Ba zan ce da ya dakata lallai Wood zai rayu ba, don ƙari na biyu a jikin dattijo ba wasa ba ne, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma Cushing da kansa bai ɓuya a bayan wannan ba. Ya rubuta cewa babu majinyacin da rasa shi ya girgiza shi kamar wannan, ya kuma ɗora laifin a kan hukuncin da ya yanke. A babban littafin da ya wallafa kan wannan ƙari a 1938 tare da Louise Eisenhardt, wanda ya tattara majinyata 313, ya saka lamarin Wood, da nasarar da kuskuren duka. Ina girmama wannan ƙwarai. Likitan da ya rubuta kuskurensa da hannunsa don na baya su karanta ya yi wa majinyatan da bai taɓa gani ba aiki.

Na baya kuwa sun karanta. A 1957 wani likita ɗan Ostireliya, Donald Simpson, ya bi diddigin majinyatan da aka cire wa irin wannan ƙari, ya jera su gwargwadon zurfin cirewar. Waɗanda aka cire musu ƙarin tare da tantanin da ya kafu a kai da ƙashin da ya shafa, kashi 9 cikin 100 ne ya dawo musu. Waɗanda aka cire ƙarin kawai aka bar gindinsa ba a taɓa ba, kashi 29. Har yau likitocin ƙwaƙwalwa suna rubuta matakin Simpson a takardar aiki bayan sun cire meninjiyoma.

Da Wood zai zo asibiti yau da ƙafarsa mai rawa, a ranar farko za a ɗauki hoton cikin kansa, ko da na'urar sikan da aka fara gwadawa a kan majinyaci a Landan a 1971, ko da MRI, wata na'urar ɗaukar hoton cikin jiki mai aiki da maganaɗisu, a ga girman ƙarin da iyakarsa da yadda ya jingina da magudanar jinin. Za a ba shi maganin farfaɗiya da na rage kumburin ƙwaƙwalwa, a tanadi jini. Likita zai yi aikin ne yana duba ta madubi mai ƙara girma. Ƙashin da ƙarin ya shiga ba za a mayar da shi ba, za a toshe gurbin da ragar ƙarfen titaniyom ko wani roba mai tauri, a kuma yanke tantanin da ya shafa a yi masa faci. In wani ɗan guntu ya manne da magudanar jini har cire shi ya zama haɗari, sai a bar shi da sani, a bi shi da haske mai ƙona ƙari da ake harbawa daga waje ba tare da yanka ba. Sannan majinyacin zai dinga dawowa ɗaukar hoto shekara bayan shekara, ta yadda in ƙarin ya motsa za a gan shi tun yana ƙarami, tun kafin ƙafa ta faɗa.

Saura maganar fitilar Santiago. Cushing ya yarda cewa bugun kai na iya haddasa irin wannan ƙari, kuma lamarin Wood na daga cikin abin da yake kafa hujja da shi. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da hakan ba. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin su ne hasken radiyeshin da ya taɓa ratsa kai, da wata cutar gado da ke da nasaba da kuromosom na 22, ɗaya daga cikin ƙunsoshin ƙwayoyin gado na jikin mutum, da yawan shekaru, kuma ya fi kama mata fiye da maza, wajen ninki biyu. Mai yiwuwa ne ƙashin ya riga ya fara tasowa kafin ranar, bugun ya sa hannunsa ya kai wurin kawai.

Cushing yana ajiye ƙarin da ya cire da ƙwaƙwalen majinyatan da suka rasu a cikin kwalabe, kowace da lamba da takardar bayani, don a ci gaba da nazari. Da ya koma Jami'ar Yale tarin ya bi shi. Bayan mutuwarsa a 1939 kwalaben sun yi shekaru masu yawa a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ɗaliban likita na satar hanya su je kallo, har aka gyara musu wuri a ɗakin karatun makarantar likitancin a 2010. Ƙwaƙwalwar Leonard Wood tana cikinsu.